Zaira da Zadi

Yayana ya riga ni zuwa Alƙahira da shekaru masu yawa, kuma bai taɓa bari na manta da hakan ba. Shi kasuwa ce ta kawo shi. Yana sarin abayoyi da takalma da turare a kasuwar Ataba, ya ɗaure su ya aika wa 'yan kasuwar gida. Larabcinsa ma a can ya tsince shi, a bakin 'yan dako da masu shaguna, bai taɓa zama a aji ya koye shi ba. In yana ciniki sai ka rantse a cikin kasuwar aka yanke masa cibiya, amma miƙa masa jarida ka sha kallo: zai juya ta gaba da baya, ya ce yau idonsa yaji yake yi. Ni kuwa karatu ne ya kawo ni, a jami'ar da ke jikin tsohon masallacin nan na unguwar Darrasa, kuma fannin ƙira'a na zaɓa. Aikina ke nan shekara da shekaru, in saurari inda harafi yake fitowa a baki, in ce wannan daidai ne, wancan a sake.

A gidansa na sauka, wani ɗan gidan sama mai ɗaki biyu a unguwar Hadayek el-Maadi. Lokacin matarsa ba ta daɗe da rasuwa ba. Bamisiriya ce, mutuniyar kirki in ji duk wanda ya san ta, ta bar masa 'ya ɗaya tal. Sunan mahaifiyarmu aka sa wa yarinyar, shi ya sa ba mai kiran sunanta a gidan. Yaya yana ce mata Uwata, ni ma na bi sahu, ita kuma tana ce min Baffa. Ta wajen uwarta ta sami takardun zama 'yar ƙasa, don haka makarantar gwamnati take zuwa kamar kowane ɗan Misira. A waje Larabci take yi kamar ruwa, a gida kuma Hausa, har da karin Katsinancin ubanta.

Abu biyu na tarar da ita da su. Na farko, tun tana 'yar firamare ta ce likita za ta zama, kuma ba irin faɗar yara ba ce da gobe za su ce direban jirgi. Ta kafe a kai. Na biyu, gudu. Akwai wata cibiyar matasa a unguwar, mai fili da jar ƙasa da tsofaffin kujeru, inda yara ke zuwa bayan la'asar. Na taɓa raka ta sau ɗaya don Yaya yana kasuwa, na zauna ina duba littafina, ban ma ɗauki abin da muhimmanci ba. Da aka busa usur na ɗaga kai, sai na ga 'yar yayana da ɗan hijabinta ta bar sauran yaran a baya, tana waiwayensu tana dariya. Mai horar da su, wata doguwar mata da kowa ke kira kaftin, ta daka mata tsawa ta ce ta daina waiwaye. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ina ihu da Hausa ba.

Yaya bai taɓa ƙin gudun nan ba, wannan dole in faɗa domin kada a ɗauke shi yadda ba haka yake ba. Shi ne ya zaɓo mata takalmin gudu a Ataba, ya yi ta lanƙwasa tafin yana gwadawa kamar wanda ya san abin. Ranar da kaftin ta zo har gida ta ce yarinyar ta wuce filin unguwa, tana so ta kai ta babban kulob inda ake shiga gasar ƙasa, shi ya dafa mata shayi da hannunsa, bakinsa har kunne. Ya ce a ba shi kwana biyu ya yi shawara.

A cikin kwanakin shawarar ne ya dawo daga kasuwa da wuri, abin da ba ya yi. Ya ajiye ledar burodi ya jawo ni gefe.

"Kai malam, ka san akwai abin da ake kira hafiz a ƙasar nan?"

Na ce hafizai ai sun cika Darrasa, ko jifa ka yi kan ɗaya zai faɗa.

"Ba wannan ba, saurara. Mai shagon da nake sayen abaya, 'yarsa ta shiga likitanci. Makinta bai kai ba, wallahi da bakinsa ya faɗa min. Ya ce hafiz ne ya cika mata. Gwamnati ce take ƙara wa hafiz maki, ka ji ƙasar Musulunci!"

Sai in yi bayanin yadda abin yake a nan. Jarrabawa ɗaya ce a ƙarshen sakandare, ita ke yanke wa yaro hukunci. A tara makinsa, sannan a yi rabon gurbi a jami'o'i, abin da suke kira tansiƙ: mai maki mafi yawa ya fara zaɓa, na ƙasa ya ɗauki abin da ya rage. Likitanci yana can ƙololuwa. Rabin maki kan raba yaro da shi, kuma babu wanda za ka je ka roƙa. Ni da na shigo ta ƙofar baƙi ban san kan wannan tsari ba a lokacin. Da Yaya ya ce ana ƙara wa mahaddata maki, ban yi mamaki ba ko kaɗan. A garin da ake karrama hafizai a kowane Ramadan, wa zai yi mamaki? Cewa na yi ma sha Allah.

Lokaci ɗaya ne yarinya take da shi bayan makaranta, tsakanin la'asar da magariba. Ko fili ko hadda. Yaya ya kira kaftin ya ba ta haƙuri. Matar ta yi magiya, ta ce ya Hajj haramun ne a ɓata irin wannan ƙafa, shi kuma ya yi ta ma'alish, ma'alish, bai gaya mata dalili ba, don a ganinsa wani sirri ya samo wanda in ya bazu kowa zai ruga. Yarinyar ta yi kuka kwana biyu. Ya zaunar da ita ya ce, "Uwata, likita kike so ko gudu? To ga hanyar likita Allah ya nuna mana." Ta share hawaye ta ce likita.

Aka sa ta wajen wata malama a unguwar, ni kuma nake karɓar tilawarta a gida. Ban raga mata ba. Ni mutum ne mai zafi a kan harafi, ɗalibaina ma sun sani. Akwai haruffa biyu da Bahaushe ke haɗawa wuri ɗaya, waɗanda a makarantar allo muke kira zaira da zadi. Zaira siririya ce, kamar za ɗin da ke cikin zuma. Zadi mai kauri ce, sai ka kai harshe bakin haƙora ka cika baki da ita. Mu a gida duk za muke ce musu, mu wuce abinmu. Na sha tsayar da yarinyar nan a kan zadi har idonta ya kawo ruwa, in ce sake, ta sake, in ce ban ji kauri ba. Kafin ta shiga sakandare ta fi ni iya ta. Ta sauke haddarta tana aji ɗaya na sakandare, aka ba ta shahada, wato takardar shaidar hadda, Yaya ya kai aka sa mata gilashi da firam mai ruwan zinariya ya rataye a falo. Takalmin gudun kuwa ya daɗe a ƙarƙashin gado kafin a ba wa 'yar mai gadin gidan.

Ana saura shekara guda ta yi babbar jarrabawar, da zafin bazara, na dawo daga Darrasa na tarar da guɗa tana tashi a benenmu. Maƙwabcinmu na sama, wani Bamisire mai kantin magani, yana tsaye a matakala yana raba jan sharbat a kofuna. Ɗansa ya sami likitanci. Uban ya rungume ni ya ce, "Alhamdu lillah ya shekh, da ƙyar ne, el-hafez ne ya tsallakar da shi."

Na san yaron. Ban taɓa ganinsa a masallaci ba in ba Juma'a ba, amma ba a shaidar mutum da gani. Na ce barakallahu, ashe ya haddace ban sani ba, a wajen wa ya yi?

Mutumin ya dube ni, sannan ya fashe da dariya har sharbat ya zuba masa a riga. "Haddace me? Iyo, ya shekh, iyo! Tun yana ƙarami muke kai shi kulob. Ya ci gasa, suka ba shi hafez." Ya sake maimaita kalmar, kuma a wannan karon kunnena ya yi aikin da aka horar da shi a kai. Siririya ce. Zaira ce. Hafiz mai zadi shi ne wanda ya haddace Alƙur'ani. Hafiz mai zaira kuwa wata kalma ce daban, ma'anarta abin ƙarfafa gwiwa, tukuicin da ake ba ɗan wasan da ya ciyo lamba a gasa, a zuba masa shi a kan makin jarrabawa.

Na riƙe kofin ban sha ba. Mai kantin yana ta ba ni labarin yadda suke tashi da asuba zuwa wurin iyo, da yadda 'ya'yan masu hali suke neman wasan da ba kowa ke yi ba don lambar ta zo da sauƙi, ni kuwa jar ƙasar filin nan kawai nake gani, da kaftin tana cewa haramun ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san wa zan fuskanta da ɓacin ran ba. Na ji haushin tsarin da zai ce wanda ya iya iyo ya fi cancanta ya riƙe wuƙar tiyata. Sai kuma na tuna ƙofar nan a buɗe take gare mu, ba mu da kulob ba mu da mota amma Allah ya ba yarinyar ƙafa, har gida aka zo ana roƙonmu mu shiga. Haushin ya rasa inda zai sauka.

Na sami yarinyar a kicin tana yanka lalo, wanda su suke kira mulukiyya. Na rufe ƙofa na fara kame-kame. Ban kai ƙarshe ba ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Na wasanni ne, Baffa. Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ina aji ɗaya. Wata 'yar ajinmu tana da shi. Ka tuna mai jan ribbon ɗin da nake bari a baya? Ita ce."

Na ce me ya hana ki faɗa, ke kuwa? Muryata ta tashi, ta yi min alama da wuƙar in rage.

"In faɗa a yi me? Na koma filin sau ɗaya, ban gaya wa kowa ba. Ko zagaye biyu ban iya ba, Baffa, ƙirjina kamar zai fashe. Kaftin ma ta bar wurin. Waɗanda suka ci gaba sun yi min nisa." Ta tattara lalon da gefen wuƙa. "Kuma ban yi nadamar haddar ba, kada ka ɗauka haka. Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka gaya wa Baba. Zan ci makin da ba sai an ƙara min komai ba. In na shiga da kaina, khalas, shahadar ta zauna a bango, shi kuma ya ci gaba da cewa dabararsa ce."

Na yi mata alkawari, don ban ga abin da faɗar za ta gyara ba.

Shekarar nan ban ji daɗinta ba. Yarinyar ta rame, daga makaranta sai darasin kuɗi, daga darasi sai tebur. Ba abin da zan iya taimaka mata da shi. Ni da na san mafitar kowane harafi ban san ko ɗaya daga abin da ke cikin littafin kimiyyarta ba, iyakata in kawo mata shayi in ɗauke kofi. Yaya kuwa hankalinsa kwance. In ya ga ta daɗe a zaune sai ya ce, "Uwata, ki huta mana, ai ke kina da guzuri a bango." Ta ce to Baba, ta ci gaba. Ni sai in tashi in shiga banɗaki in yi alwalar da ba na buƙata.

Sakamako ya fito da rana tsaka, a waya. Ta ci, ta ci sosai, makin da a gida za a yanka rago a kansa. Da aka sanar da inda likitanci ya tsaya a shekarar, sai ya zamana saura ƙiris makinta ya kai, abin da bai kai tukuicin da ɗan mai kantin magani ya samu da iyonsa ba. Ta ajiye wayar a kan tebur ta shiga ɗaki. Duk gidan mutum ɗaya ne yake murna. Yaya ya tafa hannu ya ce, "Allahu Akbar! Kun gani? Da ba don hafiz ba fa? Yanzu da ina za mu sa kanmu?"

Washegari da safe ya fito da babbar rigarsa ta Idi, ya sauke shahadar daga bango ya naɗe ta a tawul. A nan na karya alkawari, don ban iya barin sa ya fita haka ba. Na ce, "Yaya, zauna. Kalmomin biyu ne. Wanda mai shagon ya faɗa maka na 'yan wasa ne, da zaira ake rubuta shi. Namu da zadi ne."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ku 'yan makaranta kun cika ƙaƙale. Ina garin nan tun ba ka da gemu. Da kunnena na ji mutumin."

"Na san ka ji, Yaya."

"To yalla, in za ka raka ni ka taso, in ba za ka ba ka ba ni hanya."

Na bi shi. Muka hau jirgin metro, yana rungume da tawul ɗin a ƙirji kada a matse gilashin. A ofishin da ake karɓar takardun masu ƙarin maki, iyaye sun yi layi, kowa da ɗansa mai faɗin kafaɗa da takardar kulob a hannu. Yaya ya dube su ya raɗa min cewa hafizan Misira ba sa kama da hafizai.

Wata dattijuwa ce a tagar, da tabarau a rataye a wuya. Ya warware tawul ya miƙa mata firam ɗin da hannu biyu. Ta karanta, ta ce ma sha Allah, Allah ya sa ta cece ku, har ta sumbaci gefen firam ɗin. Sannan ta tambaye shi wane wasa yarinyar take yi. Ya ce ba wasa ba ne, Alƙur'ani ne. Matar ta dube shi, ta dube ni, ta gane. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta sassauta murya ta ce, "Ya Hajj, wannan ladarsa tana wurin Ubangiji. Namu nan na gudu ne da iyo da irinsu. Ba ta taɓa yin wani wasa ba? Ko da can baya?"

Ya ce, "Tana gudu." Sai ya gyara, "Da tana gudu."

Matar ta ce in akwai lambar gasa a kawo. Ya naɗe shahadar a tawul a hankali, ya yi mata godiya, muka ba na baya wuri.

Muka shiga metro muka sami wurin zama. Mun wuce tasha biyu ko uku sannan ya juyo ya ce, "Faɗa min su."

"Me?"

"Kalmomin. Faɗi ɗaya, ka faɗi ɗayar."

Na faɗa, a cikin jama'a, kamar ina gaban ɗalibi. Na siranta ta farko, na cika baki da ta biyu. Ya karkato kunne ya ce in sake. Na sake. Wani saurayi da ke tsaye ya fara kallonmu. Yaya ya girgiza kai ya ce, "Wallahi ɗaya nake ji." Na so in ce masa ba laifinsa ba ne, haka kunnenmu yake tun daga gida, amma na san ba abin da yake tambaya ke nan ba.

Da muka iso gida, yarinyar tana falo a zaune, ta ga tawul ɗin ta gane inda muka fito. Ya ajiye shi a kan kujera. Bai cire babbar rigar ba, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Uwata, ke ce hafiza a gidan nan. Baffanki ya faɗa min ban ji ba. Ke faɗa min su in ji, na 'yan gudun da naki."

Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Hafiz." Ta ɗan tsaya. "Hafiz."

Duka biyun da zaira ta faɗe su. Yarinyar da na sa ta kuka a kan zadi, wadda malamarta ke kira ta gwada wa sauran ɗalibai yadda ake fitar da ita, ta siranta ta kamar kowace Bakatsiniya a bakin rijiya.

"Ka ji ko, Baba? Ɗaya ne. Kowa ma zai iya ji haka."

Yaya ya juyo wajena, idonsa ya yi ja. "Haka ne, malam?"

Tun da na fara karɓar karatu ban taɓa jin an karya harafi a gabana na yi shiru ba. Na ce, "Haka ne, Yaya. Daidai ta faɗa."